Yadda muka miƙa wa na'ura daren sauya sabobi zuwa gajimare

Sabobin da aka ɗora mana kwashewa, wato kwamfutocin da manhajojin kamfani ke gudana a kansu, ɗaruruwa ne, Windows da Linux a gauraye, mafi yawansu a kan VMware, manhajar da ke raba inji ɗaya zuwa injina na kwaikwayo da yawa, a cibiyar bayanai ta kamfani. Umarnin shi ne a kai su AWS, wato gajimaren kamfanin Amazon inda ake hayar sabobi ta intanet, yadda suke, kada a taɓa manhajojin da ke kansu. Kayan aikin kwafi kuwa Application Migration Service ne, wanda ake taƙaitawa da MGN, asalinsa CloudEndure da AWS ta saya a 2019. Ana dasa ƙaramin wakili a cikin kowace saba, shi kuma ya riƙa tura duk gurbin faifai da aka rubuta wa sabon abu zuwa sabobin kwafi da ke can gajimare ta ƙofar netwok mai lamba 1500, yana magana da sabis ɗin kansa ta ƙofa ta 443. Wannan ɓangare ba ya buƙatar a tsaya a kansa. Da zarar kwafin farko ya kammala, leƙe kawai ake yi.

Aikin da ke cin mutane shi ne sauyin ƙarshe, wato daren da za a tsayar da hidimomin tsohuwar saba, a jira ragowar bayananta su isa, a tayar da sabuwa, a tabbatar lafiyarta ƙalau, sannan a karkatar da akalar masu amfani zuwa gare ta. A ce hannun mutum yana cin minti 20 a kan kowace saba, ban da zaman jira. Rukuni mai saba 40 ya zama minti 800 ke nan, sama da awa 13, alhali masu manhaja da ƙyar suke yarda a ɗauke musu sabis na awa huɗu. Ƙara hannu yana rage lokacin, amma sai ka sami mutum shida a kan waya ɗaya da ƙarfe biyun dare, kowa na tambayar ko an riga an kashe waccan. Abin da muke nema daga na'ura shi ne a kowace daƙiƙa a sami wuri guda da ke faɗin matsayin kowace saba, kuma kada wani mataki ya gudana sai wanda ya gabace shi ya kawo shaida. Sauri daga baya ya biyo.

Shi ya sa kafin a rubuta layi ɗaya na sikirif muka fara da tebur. Kowace saba tana da layinta a DynamoDB, rumbun bayanai na AWS: sunanta, lambarta a MGN, rukuninta, manhajar da take yi wa hidima, hawanta a jerin tashi (rumbun bayanai hawa na ɗaya, sabar manhaja na biyu, ta yanar gizo na uku), sabnet (yankin netwok) da adireshin IP da za ta samu, nau'in injin, sunayen DNS (tsarin da ke fassara suna zuwa adireshin IP) da ke nuna ta, hidimomin da za a tsayar bi da bi, gwajin da zai nuna tana aiki, da wanda zai sa hannu a madadin masu manhajar. Cika wannan tebur ya fi rubuta dukkan sikirif ɗin cin lokaci, domin rajistar kadarorin kamfani takan faɗi abin da aka yi niyya shekarun baya ne, ba abin da ke gudana yau ba. Wace saba ke magana da wace, mun tsamo shi ne daga bayanan zirga-zirgar netwok na makonni, da abin da netstat ke nunawa daga cikin sabobin. Duk waɗanda ke yawan kai da komo a tsakaninsu rukuni ɗaya suke shiga. In aka raba manhaja da rumbun bayananta, ɗaya a gajimare ɗaya a gida, jinkirin milisakan 20 a kan kowace tambaya ya isa ya jawo kuka: shafin da ke yin tambaya 500 a jere zai ƙara sakan 10 kafin ya buɗe.

Mai jan ragamar aikin Step Functions ne, sabis ɗin AWS mai jera matakai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, nau'in Standard. Dogon sikirif da ke gudana a kwamfutar mutum ɗaya ba abin dogaro ba ne, domin in VPN ya yanke a tsakiyar dare ba wanda zai san inda aka tsaya. Kowane mataki ƙaramin aikin Lambda ne, wato ɗan sikirif da AWS ke gudanarwa duk lokacin da aka kira shi. Lambda ba ta wuce minti 15, tayar da saba mai manyan fayafai kuwa yakan wuce haka, don haka ba a barin ta ta zauna jira. Mataki ɗaya ya ba da umarni ya fita, na biyu ya huta sakan 60, na uku ya tambaya ko an gama, a yi ta zagayawa. Kowane zagaye da wa'adin da aka yanka masa. Wanda ba shi da wa'adi, gari zai waye allo na nuna ana aiki alhali tun ƙarfe ɗaya komai ya tsaya.

Ƙa'idar da ba mu yi sassauci a kanta ba ita ce kowane mataki ya jure a gudanar da shi sau biyu. Tsarin da ke sake gwadawa da kansa in kira ya gaza, wata rana zai sake kiran abin da a zahiri ya yi nasara, amsar ce kawai ta ɓace a hanya. A yawancin matakai wannan ba komai ba ne, tsayar da hidimar da ta riga ta tsaya ba ya cutar da kowa. StartCutover, umarnin MGN na tayar da sabon inji, daban yake. In aka sake kiransa a kan sabar da aka riga aka tayar wa sabon inji, MGN yana fara share injin da ya tayar a baya ne kafin ya gina wani. A wurin gwaji wannan gata ne, yana rage shara. Da asuba kuwa, bayan masu amfani sun fara rubuta bayanai a sabon injin, asara ce da ba ta da magani. Kariya biyu muka sa. Kafin kowane mataki ya taɓa komai, sai ya sauya matsayin sabar a tebur da rubutu mai sharaɗi: mayar da ita "ana tayarwa" in har yanzu tana "kwafi ya cika". In wani ya riga shi, DynamoDB zai ƙi rubutun, matakin ya janye salin alin. Sannan da zarar sabon inji ya tashi ana kunna masa kariyar hana sharewa ta EC2, sabis ɗin injinan haya na AWS, tun kafin a fara duba lafiyarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka binciken share fage yana gudana da kansa mako guda kafin daren, ya sake gudana ana gobe, ya kuma sake awa biyu kafin a fara. Yana tambayar DescribeSourceServers ko kowace saba tana matsayin READY_FOR_CUTOVER, wato ta shirya, kwafinta kuma yana CONTINUOUS, wato yana gudana, ba STALLED (ya maƙale) ko RESCAN (ana sake karanta faifai) ba. Yana gwada samfurin tayarwa na EC2, wato saitin da ake gina sabon inji da shi, da abin da ke tebur gurbi da gurbi, kuma sigar da aka ayyana a matsayin ta asali yake dubawa, domin ita MGN ke ɗauka. Akan samu wanda ya gyara samfurin bayan gwaji, gyaran ya zama sabuwar siga, amma ba a ayyana ta ba, sai saba ta tashi a sabnet ɗin gwaji a daren gaske. Yana haɗa jimillar vCPU (ma'aunin ƙarfin sarrafawar inji) na rukunin ya gwada da iyakar asusun a shiyyar, haɗe da injinan gwaji da ba a share ba da na wucin gadi da MGN ke tayarwa don gyaran faifai, tunda su ma daga iyakar suke ci. Neman ƙarin iyaka sai an jira, ba abin da za a fara da tsakar dare ba ne. Yana ƙirga adireshin da suka rage a kowane sabnet, inda AWS ke riƙe biyar, don haka /24 yana ba da 251 ne, ya kuma duba ko wani bai riga ya ɗauke adireshin da aka ware wa sabar ba. Manyan injina kuwa muna kama musu wuri tun da wuri da Capacity Reservation a sashen shiyyar da za su zauna, domin iyakar asusu izini ce kawai, ba alkawari ba ne cewa injin na nan yana jira. Sabar da ta faɗi wannan bincike ana gobe, ana cire ta daga rukunin tare da duk 'yan manhajarsu. Ba a shiga dare da fatan za ta gyaru.

Gwajin da ake yi makonni kafin nan shi ma da sharaɗinsa: a killace yake. Kwafin saba yana tashi da duk abin da ta asali ke da shi, har da ayyukan cron masu gudana bisa jadawali, da ke tura wasiƙu ga abokan ciniki ko jawo saƙonni daga layin da ake aiki da shi. Na Windows ya fi haɗari. Windows takan sauya kalmar sirrin asusun na'urarta a Active Directory, rajistar Microsoft ta asusun mutane da na'urori, duk kwana 30, kuma kwafin gwaji da ya sami hanyar zuwa can zai iya yin wannan sauyi, sai a wayi gari ta asali ta kasa shiga alhali ba wanda ya taɓa ta.

DNS kuwa tun da wuri ake fara shi. In TTL na suna, tsawon lokacin da ake ajiye amsarsa, sakan 86400 ne, wato kwana guda, sauke shi zuwa 60 a daren sauyi bai amfana komai ba, domin masu warware suna sun riga sun ajiye tsohuwar amsa da tsohon wa'adinta. Sai an sauke shi aƙalla tsawon tsohon TTL ɗin kafin daren. Mu kwana biyu muka ba shi, na'ura ce kuma ke yi, tana rubuta tsohuwar ƙimar kowane suna a tebur kafin ta taɓa shi.

Daren kansa yana farawa ne da rufe ƙofa. Mai raba lodi ya koma nuna shafin gyara, a sa wa na'urar sa ido takunkumi don kada ƙararrawa ta tayar da mutanen da ba ruwansu, sannan a fara tsayar da hidimomi daga sama zuwa ƙasa: masu jadawalin ayyuka, sabar yanar gizo, sabar manhaja, rumbun bayanai a ƙarshe. Tsayarwa kaɗai ba ta isa ba. Muna hana su tashi ma, da systemctl mask a Linux, da Set-Service zuwa Disabled a Windows, bayan an rubuta yadda kowace take a da. Amfanin haka shi ne wannan saitin a kan faifai yake zaune, don haka yana bin kwafi zuwa gajimare. Sabon inji zai tashi babu hidimar da ke gudana, ba zai fara cin layin saƙonni ko neman rumbun da bai tashi ba, sai mu muka ce ya fara. Bayan umarnin tsayarwa ana duba cewa ƙofar hidimar ta daina amsawa kuma babu ragowar aikinta a ƙwaƙwalwa, domin akwai tsoffin manhajoji da ke cewa sun tsaya alhali wani ɗan aikinsu na nan yana rubutu.

A nan ne ake son yin gaggawa, kuma a nan ne ba a yi. Ba a kashe tsohuwar saba tukuna, saboda wakilin kwafi a cikinta yake zaune. In ta mutu, abin da bai tura ba ya tsaya nan. Sai a jira tazarar kwafi da ragowar da ba a tura ba su koma sifili. Sifilin ma ba ma yarda da shi a karo ɗaya, domin lambar da ke allo tana iya zama ta ɗan lokacin baya, kuma tsarin aiki yana iya riƙe wasu rubuce-rubuce a ƙwaƙwalwa bai sauke su kan faifai ba. Abin da ya kawar mana da wannan shakka ɗan ƙaramin fayil ne. Bayan komai ya tsaya, sikirif yana rubuta fayil a kan kowane faifai na sabar, a ciki akwai lambar aikin daren da lokacin rubutawa. Sai ya tilasta saukewa, da sync a Linux, da Write-VolumeCache a Windows, ya jira sifili sau biyu a jere da hutu a tsakani. Can bayan sabon inji ya tashi, abu na farko da ake nema shi ne wannan fayil, a kowane faifai, da lambar daren nan. In yana nan, duk abin da aka rubuta kafinsa ya iso. In babu, ko kuma lambar ta daren gwaji ce, ba a wuce nan. Wannan fayil ɗin yana kama abu biyu a lokaci guda: kwafin da bai cika ba, da faifan da bai hau inda ya kamata ba.

Abin da ya fi ɓata wannan jira shi ne ayyukan dare da ba wanda ya tuna da su. Bakap da ke zuba fayil a faifan cikin gida, sake gina fihirisar rumbun bayanai, jujjuya manyan fayilolin log, duk a wurin wakilin kwafi rubutu ne sabo da dole ya tura. Gigabait 200 a kan layi mai megabit 500 a sakan zai ci kusan minti 53, in ma shi kaɗai ne a layin, ga kuma sauran sabobin rukunin suna rububin hanya ɗaya. Don haka dakatar da irin waɗannan ayyuka ya shiga cikin matakan ana gobe. Haka nan sabunta tsarin aiki da ke jawo a kashe a kunna, an hana shi a makon, domin sabar da ta mutu ba shiri tana iya sa wakilin ya sake karanta faifai daga farko, a babban faifai kuwa wannan awoyi ne.

Sai StartCutover. Yana karɓar jerin sabobi a kira ɗaya ya mayar da lambar aiki, wadda ake bibiya da DescribeJobs. A bayan fage MGN yana ɗaukar hoton fayafan kwafi, ya gina sababbi daga hoton, ya gyara musu direbobi da tsarin tashi yadda za su dace da EC2, sannan ya tayar da injin. Tunda hidimomi a kulle suke, muna tayar da injinan rukunin gaba ɗaya, jerin hawa-hawa sai wajen kunna hidimomi. Bibiyar ce ke buƙatar hankali. Ayyuka 40 da kowanne ke tambayar halin da ake ciki a daƙiƙa ɗaya za su ci karo da iyakar yawan kira, a fara ƙin amsa musu. Maganin shi ne a riƙa ninka hutu bayan kowace ƙi, a ƙara masa ɗan bambancin lokaci da ba a tsara ba don kada su sake dawowa tare, ko kuma mai tambaya ɗaya ya tambaya a madadin kowa ya zuba amsa a tebur. Mu na biyun muka koma.

Sabon inji yana tashi ne a cikin katangar killacewa, wadda ba ta barin komai sai hanyar Systems Manager (SSM), sabis ɗin AWS na sarrafa injina daga nesa, da shi muke shiga ba tare da SSH ko RDP ba. Wannan yana buƙatar wakilin SSM a cikin injin, da izinin IAM a jikinsa, da hanyar isa ga sabis ɗin daga sabnet, kuma in ɗaya ya ɓace injin zai tashi lafiya amma na'ura ba ta da bakin yi masa magana. Alamar kore da EC2 ke nunawa tana nufin injin ya tashi kuma katin netwok na amsawa, iyakarta ke nan. Sauran sai an shiga an gani.

A Linux, faifan da aka sani da /dev/sdb a gida yakan koma irin /dev/nvme1n1 a injinan Nitro, kuma lambobin ba su da tabbacin jeri. Duk layin /etc/fstab da ke kiran faifai da irin wannan suna, tun kafin daren ake mayar da shi UUID, wato lambar shaidar faifan da ba ta sauyawa. Masu sa nofail don kada injin ya maƙale wajen tashi su sani cewa sun sayi wata matsalar: injin zai tashi babu faifan bayanai, manhaja ta ga babu komai a wurin, ta fara rubutu a kan faifan tsarin aiki kamar sabuwa. A Windows, ƙarin fayafai kan tashi a kashe saboda saitin SAN, ko harafinsu ya sauya, E ya koma D, rumbun bayanai ya nemi fayilolinsa ya rasa. Sikirif yana gwada jerin fayafai da haruffansu da wanda ya ɗauka daga tsohuwar saba kafin tsayarwa. Sai agogo. Kerberos, tsarin tantance masu shiga da Active Directory ke amfani da shi, ba ya jure bambancin da ya wuce minti biyar, kuma injin da ke neman sabar lokaci ta tsohuwar cibiya yana iya zamewa. A Linux muna mayar da shi ga 169.254.169.123, sabis ɗin lokaci na AWS, 'yan Active Directory kuwa su ci gaba da bin shugabanninsu, wato sabobin da ke riƙe da rajistar. Sai fayil ɗin hosts da fayilolin saiti, inda ake tono tsoffin adireshin IP da wani ya rubuta da hannu shekarun baya. Lasisin da aka ɗaure da adireshin MAC kuwa, muna ƙirƙirar katin netwok ɗin tun da wuri mu sa shi a samfurin tayarwa, don a san adireshin a nemi sabon lasisi kafin daren.

In duk wannan ya wuce, sai a kashe tsohuwar saba ta hanyar vCenter, manhajar sarrafa injinan VMware, a cire mata alamar haɗa katin netwok lokacin tashi, a tabbatar ta mutu, sannan a sauya wa sabuwa katanga zuwa ta gaske. Jerin nan ba a juya shi. Injina biyu masu suna ɗaya da asusu ɗaya a Active Directory a kan netwok ɗaya, ko na minti biyu ne, sun isa su rikita rajistar DNS. Daga nan hidimomi su tashi daga ƙasa zuwa sama, kuma hawa na biyu ba ya farawa sai rumbun bayanai ya amsa tambaya ta gaske, ba buɗe ƙofa kawai ba. Wani abu da ke ruɗa mutane a wannan gaɓa shi ne nauyin rumbun a awoyin farko. Faifan EBS, wato faifan injinan EC2, da aka gina daga hoto yana jawo gurabensa ne daga ma'ajiyar S3 a karon farko da aka karanta su, don haka karatun farko a hankali yake. Ga manyan rumbuna muna sa fio, kayan gwajin faifai, ya karance faifan tun injin na killace.

Sauya sunaye a Route 53, sabis ɗin DNS na AWS, yana da sauƙi in an haɗa su. Duk sunayen manhaja ɗaya da ke yanki ɗaya suna shiga kira ɗaya na UPSERT, wanda ko dai duka su shiga ko babu wanda ya shiga, sannan a jira GetChange ya ce INSYNC. Iyakar kira biyar ce a sakan ga asusu, wani dalilin ke nan na haɗawa. DNS na cikin gida da ke kan Active Directory ya fi jan rai, domin kwafi tsakanin rassa minti 180 ne a saitin asali, kuma jadawalin ba ya sauka ƙasa da 15. Muna tilasta kwafin da repadmin, mu tambayi kowace sabar DNS ɗaya bayan ɗaya har amsarsu ta zo ɗaya. Ko bayan haka akwai masu kunnen ƙashi. Manhajar Java tana da nata ajiyar sunaye, kuma a wasu saituna ba ta mantawa sai an sake tayar da ita. Shi ya sa tebur ke ɗauke da jerin manhajojin da ba sa cikin rukunin amma suna kiran 'yan cikinsa, don a sake tayar da su.

Mutum yana shigowa ne a wuri guda. Bayan gwaje-gwajen na'ura sun wuce, aikin yana tsayawa cak, ya tura wa mai sa hannu saƙo da sakamakon, ya jira. Shi zai shiga manhajar ya yi abin da mai amfani ke yi, ya ce a buɗe ko a koma. Mun ajiye wannan tsayawa a nan ne domin nan ce iyakar komawa cikin sauƙi. Kafin a buɗe ƙofa, komawa baya matakan nan ne a juye: a rufe sabuwa, a mayar da sunaye daga ƙimar da aka ajiye, a haɗa wa tsohuwa katinta a kunna ta, a mayar da hidimomi yadda aka same su. Da zarar mai amfani na farko ya rubuta abu a sabon rumbun, zance ya sauya, domin kwafin MGN hanya ɗaya yake bi. Komawa daga nan yana nufin ko a yi asarar abin da aka rubuta, ko a kwaso shi da wata dabara da aka shirya tun da farko, kuma wannan shawarar masu manhaja ce, ba ta sikirif ba. Lokacin yanke hukunci ma daga baya ake ƙirgo shi. In wa'adi na cika ƙarfe 5:00 kuma komawa baya na cin minti 45 a gwaji, to ƙarfe 4:00 ne iyaka, da ɗan rara. Na'ura ce ke sanar da shi, domin mutanen da suka kwana suna fama da saba ɗaya kullum gani suke saura kaɗan. Kuma manhaja ce ke komawa da duk sabobinta, ba saba ɗaya ba. Hanyar komawar nan sai da muka gudanar da ita a rukunin gwaji kamar yadda muka gudanar da ta tafiya.

FinalizeCutover ba ya cikin aikin dare ko kaɗan. Shi ne ke yanke kwafi ya share fayafan da ke wurin kwafin, bayansa kuma in ana son sake tayar da sabar sai an soma kwafi daga farko. Aiki ne na dabam da ke gudana bayan kwanakin lura da masu manhaja suka amince da su, tare da mayar da TTL yadda yake, cire VMware Tools, shigar da sabon injin cikin jadawalin bakap da na sa ido, gyara rajistar kadarori, sannan MarkAsArchived. Ba a dai barin shi ya yi ta jan ƙafa, tunda awa 2,160 ne MGN ke bayarwa kyauta ga kowace saba, wato kwana 90 daga fara kwafi, fayafan kwafin kuma ana biyan kuɗin zamansu tun ranar farko.

Akwai abin da bai shiga wannan tsari ba. Shugabannin Active Directory ba a kwafe su haka, sababbi aka gina a gajimare suka karɓi bayanai ta hanyarsu. Rumbunan da ke raba faifai ɗaya tsakanin injina biyu an bi da su ta kayan kwafin rumbun kansa. Abokan hulɗa na waje da ke tace masu shiga da adireshin IP kuwa, ba sikirif da zai sa su gyara katangarsu. Abin da na'ura ke iyawa shi ne ta ƙi shigar da manhajar cikin rukuni muddin gurbin "abokin hulɗa ya tabbatar" a tebur babu kwanan wata a ciki. Tsoffin sabobi suna nan a kashe, da fayafansu, har sai an wuce ƙarshen wata aƙalla sau ɗaya, domin aikin rufe lissafin wata da rahotannin da ke gudana sau ɗaya a wata ba sa bayyana a zirga-zirgar makonni biyu ko uku, kuma a cikinsu ne ake samun adireshin IP na ƙarshe da aka rubuta da hannu.